Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya, Haka Ma Wayar Matafiyi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ɗan ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in faɗi abin da ya same ni a ƙasar Sin, ko Allah zai sa wani ya tsira daga irin kunyar da na sha. Tun da na dawo, duk wanda ya zo yi mini sannu da zuwa, da ya gama tambayar tsaraba sai ya ce, "Malam, wai da gaske ne WhatsApp ba ya yi a can?" Na gaji da maimaitawa a zaure, shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta.

Ni malamin sakandare ne, shekara 22 ke nan ina koyar da labarin ƙasa. A riƙe wannan, domin shi ne abin dariyar. Yayana ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. A ƙarshen Oktoban 2025 ya shirya zuwa bajekolin Canton da ake yi a birnin da mutanenmu ke kira Gwanzu, wanda a tikiti ake rubuta shi Guangzhou. Tun 1957 ake wannan bajekoli, sau biyu a shekara, kuma kashi uku ake raba shi, kayan sawa da yadi suna kashi na ƙarshe. Yaya ya ce in raka shi tunda ina jin Turanci, ni kuma dama na daɗe ina son in ga wuraren da nake zana wa yara a allo. Shi da kasuwarsa, ni da buɗe idona. Rabonsa da garin tun 2016, amma ya bugi ƙirji ya ce ya san shi kamar yunwar cikinsa.

Ana gobe za mu tashi, babban ɗana ya karɓi wayata ya cika ta da manhajoji. Taswirar Google, Uber, manhajar otal, manhajar canjin kuɗi, har da wata mai faɗin yanayin sama. Ya ce, "Baba, da waɗannan ko ina ka je a duniya ba ka ɓata." Ban ga laifinsa ba. Da Landan za ni, ko Alƙahira, da maganarsa ta yi daidai.

Muka tashi daga Kano, muka yada zango a Addis Ababa, daga nan muka shafe fiye da awa 10 a sama muka sauka a filin jirgin Baiyun. Na kunna waya in gaya wa Hajiyarmu mun sauka lafiya. Layina bai kama komai ba, domin ban sa an buɗe mini shi don aiki a ƙasar waje ba, ban ma san ana yi ba. Na lallaɓa na samu intanet ɗin filin jirgi. Na rubuta saƙo a WhatsApp, ɗan agogon nan ya tsaya a gefensa ya ƙi tafiya. Na buɗe taswira, ta ƙi buɗewa. Na ce to bari in sauke wata manhajar, shagon manhajojin shi ma a rufe. Na duba Gmail, haka. Ashe gwamnatin ƙasar ta daɗe da toshe kayan Google, da Facebook, da Instagram, da YouTube, sannan ta haɗa da WhatsApp a 2017, shekara ɗaya bayan zuwan Yaya na ƙarshe. Uber kuwa tun 2016 ya sayar da harkarsa ta ƙasar ga kamfanin Didi ya tattara ya fita. Ga waya a hannuna cike fal, amma ba ta da maraba da madubi.

Na juya na kalli Yaya. Ya ce, "To ai da can yaron nan ne yake zuwa ya ɗauke ni." Yaron nan, dillalinsa ne, ya koma gida tun lokacin korona.

Abin da ya fisshe mu daren nan takarda ce. A cikin tsohuwar jakar fasfonsa Yaya ya lalubo katin wani otal da ya taɓa sauka a unguwar Shawbe, da adireshi a rubutun Sinanci. Muka miƙa wa direban tasi. Da muka isa Yaya ya zaro takardar yuan 100, ja, sabuwa fil, wadda ita ce mafi girma a kuɗinsu. Direba ya dube ta, ya nuna mana wani ɗan kati da ke rataye, mai ɗige-ɗigen nan da ake kira lambar QR. Muka nuna masa ba mu da shi. Ya shiga lalube a aljihu da aljihun mota, ya kasa haɗa canji, sai da ma'aikacin otal ya fito ya raba gardama. Doka ba ta yarda a ƙi karɓar tsabar kuɗi a ƙasar ba, kuma ban ga wanda ya ƙi ba. Canjin ne babu, domin an daina yawo da shi.

Kwana ɗaya da wuni Hajiya ba ta ji duriyarmu ba. Daga baya aka gaya mini har sadaka ta sa aka yi.

Wanda Allah ya turo mana wani saurayi ne ɗan Maraɗi, mai harkar aika kaya, da muka ji yana Hausa a waya a bakin wani gidan abinci. Mai karatu ya san yadda Hausa take daɗi a kunne idan mutum ya kwana biyu bai ji ta ba. Da muka gaisa muka faɗa masa halin da muke ciki, bai ko yi mamaki ba. Ya ce, "Baba Alhaji, kullum sai na ga irinku. Ku kawo wayoyin." Muka zauna a kan benci, ya jona mu da intanet ɗinsa, muka fara kiran gida, sannan ya shiga aikin da ya kamata a ce na yi shi ina kwance a ɗakina a Kano.

Abu na farko da ya sa mana shi ne WeChat. A can shi ne WhatsApp, shi ne katin ɗan kasuwa, shi ne kuma walat. Duk mai shagon da ka tsaya a gabansa, kafin ka tambayi farashi zai miƙo maka wayarsa ka ɗauki lambarsa. In ya rubuto maka da Sinanci, sai ka danne saƙon da yatsa, ka zaɓi fassara, ya juye zuwa Turanci. Sai dai sabon mai rajista sau da yawa sai an nemi wani tsohon mai amfani da manhajar ya tsaya masa, kamar mai gabatar da baƙo wajen mai unguwa. Ɗan Maraɗi ne ya tsaya mana. Wanda zai yi rajista daga gida, ya nemi wani a kasuwa da ya daɗe da ita, ba a rasa su a Kwari ko Farm Centre.

Na biyu Alipay, kuma a nan muka sha wuya. Ita manhajar ba ta da wahala: ka sa lambar wayarka, ka ɗauki hoton fasfo da fuskarka, ka haɗa katin banki. Tun tsakiyar 2023 ita da WeChat suka buɗe wa baƙi ƙofar haɗa katin Visa ko Mastercard na ƙasashen waje. Matsalar ita ce kowane mataki sai an turo maka lambar tabbatarwa ta saƙon tes, layinmu kuwa a mace yake. Bankin ya ce to zai tura ta imel, imel ɗin kuma Gmail ne. Ka ga an kulle ɗaki, an jefa makullin ta taga zuwa ciki. Sai da muka yi kwana biyu, ɗana yana zirga-zirga a Kano mu muna jira a Shawbe, kafin layin ya farfaɗo saƙonni su fara shigowa. Duk abin nan, da a gida ne, bai wuce aikin tsakanin Magariba da Isha ba.

Akwai kuma maganar katin kansa. Mun sani bankunanmu sun daɗe da hana katin naira aiki a waje, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, shi ma da iyaka. Na Yaya na asusun dala ne, shi ya sa ya wuce. Kada mutum ya ɗauka nasa zai yi. Ya je banki da ƙafarsa ya tambaya, ya kuma gaya musu ƙasar da za shi, don kada su ga an cire kuɗi daga Sin su zaci ɓarawo ne su rufe katin.

Da abin ya kankama kuwa, gani ya kori ji. Hanya biyu ce: ko kai ka haska lambar mai kaya ka rubuta kuɗin, ko shi ya haska taka. Kafin ka mayar da waya aljihu wata 'yar na'ura a shagon ta faɗi adadin da ƙarfi. Wata tsohuwa mai gasa dankali a bakin titi, da lambarta a maƙale jikin kurarta. Na tuna wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da muka koyi tiransifa dole, mutum ya sayi kayan miya ya tsaya rabin awa yana jiran alat ya shigo wa mai tumatir. A can ban taɓa jiran alat ba. In cinikin bai wuce yuan 200 ba, wato kusan naira 40,000 a canjin lokacin, ba a cire maka komai. In ya haura, ana ɗora kashi 3 cikin 100. Wanda ya tantance fasfonsa zai iya biyan har dala 5,000 a ciniki ɗaya, dala 50,000 a shekara. Amma a sani, da katin waje ba a tura wa mutum kuɗi hannu da hannu, kuma jefi-jefi za ka haɗu da ƙaramin mai talla da lambarsa ba ta karɓar katin baƙo. Saboda haka ban daina ajiye 'yan yuan 10 da 20 a aljihun gaba ba. Kuɗin sarin kaya kuwa wata hanya ce daban, wannan fagen Yaya ne, ba na shiga.

A cikin Alipay ɗin nan akwai Didi, wato Uber ɗinsu, da Turanci, akwai kuma lambar shiga jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, ba sai ka yi layin tikiti ba. Da ka shiga motar Didi direba zai yi maka wata tambaya da Sinanci. Ba gaisuwa ba ce, lambobi huɗu na ƙarshen lambar wayarka yake nema don ya tabbatar kai ne. Na rubuta nawa da manyan baƙaƙe a takarda, ina shiga sai in ɗaga masa. Kada ka ce za ka nuna da yatsu, domin su da hannu ɗaya suke ƙirga har goma, shidansu ma babban yatsa ne da ƙarami a miƙe, irin yadda yaranmu ke yi in suna nufin "zan kira ka".

Yanzu bari in zo kan taswira, inda abin ya fi taɓa ni. Bayan mun samu hanyar buɗe komai, na koma kan taswirar da na saba, sai na ga ɗigon da ke nuna inda nake ya ajiye ni a tsakiyar kogi alhali ina tsaye a kan titi. Na zaci wayar ce ta lalace. Da na bincika sai na gane dokar ƙasar ce: duk taswirar da za a wallafa ta Sin sai an bi wani tsari nasu mai suna GCJ-02, wanda yake gusar da wurare daga ainihin mazauninsu a ma'aunin da sauran duniya ke amfani da shi, wani wuri da 'yan mitoci, wani wuri da ɗaruruwa. Manhajojinsu na gida sun san lissafin, suna daidaitawa. Na waje kuwa, sai ka ga zanen titi a nan, hoton tauraron ɗan'adam a can. Mita 300 ba komai ba ce a hanyar Zariya. A kasuwar yadi ta Zhongda, inda gini ke bin gini kuma kowane hawa kasuwa ce guda, mita 300 ɓata ce ta wuni ɗaya. Shekara 22 ina koya wa yara layukan da suka ratsa duniya a tsaye da a kwance kamar abin da ba ya motsi, ban san wata ƙasa ta ɗan ture nata gefe ba.

Maganin shi ne Amap, wadda su suke kira Gaode, kuma tun farkon 2025 tana da Turanci. Masu iPhone sun huta, domin taswirar wayarsu daga wannan kamfanin take ɗaukar bayanan ƙasar. Abin da ya fi burge ni da ita ba hanya ba ne, ƙofa ce. Tashar jirgin ƙasa ɗaya tana iya samun mafita huɗu ko shida, A da B da C, kuma in ka fita ta wadda ba ita ba, sai ka tsinci kanka a ƙetaren titi mai layi takwas da shinge a tsakiya. Manhajar tana gaya maka layin da za ka hau, inda za ka canza, da harafin ƙofar da za ka fita. Daga Shawbe, wadda a taswira sai ka rubuta Xiaobei, layi na 5 ake hawa, filin bajekolin kuma yana Pazhou a kan layi na 8. Har daƙiƙun da suka rage danja ta ba da hannu tana ƙirgawa. Dabara ɗaya da ɗan Maraɗi ya koya mini: kada ka wahalar da kanka da rubuta sunan wuri da boko. Ka ce mai shagon ya turo maka adireshin ta WeChat da rubutunsu, ka kwafa, ka liƙa a taswira, sannan ka ɗauki hoton fuskar wayar ka ajiye saboda ranar da intanet zai ɗauke.

Fassara kuma, a nan ɗana ya kusa yin daidai. Google Translate tana da Hausa tun 2013, kuma tun 2023 ana iya sauke Hausar a waya a yi aiki da ita ba intanet. Da ya sauke mini Sinanci da Turanci da Hausa tun a gida, da ta yi mini aiki tun daga filin jirgi duk da toshewar, har da haska takardar abinci da kyamara ta karanta maka. Bai sauke ba, domin bai san za a buƙata ba.

Sai dai ina jan kunnen 'yan'uwana, na'ura ba ta zauna a kasuwa ba. Wata rana Yaya yana ciniki da wata mata mai sayar da leshi, ya ce in rubuta mata a wata manhajar fassara da ke wayarsa, da Hausa yadda ya faɗa: "Ki sallama mini a sha biyu." Na rubuta, na miƙa mata. Ta karanta, ta dubi agogo, ta dube mu, ta ɗaga mana hannu tana murmushi. Sai da na juyar da abin zuwa Turanci na ga ashe mun roƙe ta ta yi mana ban kwana da ƙarfe 12. Daga ranar na koma gajerun jimloli, ba karin magana, ba habaici, ba zagaye: nawa ne, ya yi tsada, yadi nawa ne a bandir, yaushe za a kawo. Kuma na lura in na rubuta da Turanci fassarar ta fi fita daidai, abin da bai yi mini daɗi ba, amma haka yake a yanzu. Farashi kuwa, har gobe babu abin da ya kai kalkuleta. Ita ta buga, Yaya ya goge ya buga nasa, ta kama kai, ya yi kamar zai tafi. Wannan yaren bai canza ba tun 2016, kuma a nan na ga lallai da tsohuwar zuma ake magani.

Ranar wanka ba a ɓoye cibi, bari in faɗi tawa. Daren farko, da muka shiga ɗaki za mu rama salloli, na buɗe kamfas ɗin waya na nemo gabas na shimfiɗa sallaya. Yaya yana zaune a bakin gado yana kallona, sai da na ɗaga hannu zan yi kabbara ya ce, "Malam, ina za ka? Makka fa tana bayanka." Wallahi na san haka, na sha koyar da shi. Amma mu a bakinmu gabas ita ce alƙibla, mukan ce wane ba ya kallon gabas, mukan ce a fuskantar da dabba gabas. Jiki ya riga ilimi. A Gwanzu alƙibla yamma take, da ɗan karkata zuwa arewa. Har muka dawo Yaya bai bar ni na huta ba, ya kuma ba da labarin a Kwari, ya ƙara gishiri.

Don haka manhajar alƙibla da lokutan salla tana cikin na dole, tunda ba kiran salla za ka ji ba, kuma suna gabanmu da awa 7, jiki ba ya gane lokaci. A tabbatar an canza mata gari, in ba haka ba za ta tashe ka Asubar Kano da rana tsaka. Ƙarfen gini yana rikita kamfas, gara a gwada kusa da taga, a kuma juya wayar a iska kamar ana zana 8. Wani abu kuma, a 2020 an yi ta ce-ce-ku-ce bayan rahotanni sun nuna bayanan wuraren da masu amfani da wasu manhajojin salla suke suna bi ta hannun dillalan bayanai har su kai ga 'yan kwangilar sojan Amurka. Tun daga nan ni dai ba na barin irin waɗannan manhajoji su san inda nake sai lokacin da na buɗe su.

Abinci bai ba mu wahala ba kamar yadda na ji tsoro. Haruffa biyu ne mutum zai haddace, 清真, ana furta su kamar "cing jen", ma'anarsu halal. In ka liƙa su a Amap za ta jero maka gidajen abincin Musulmi na kusa, galibi masu koren allo, masu taliyar hannu da naman sa irin ta Lanzhou. Da su muka rayu. Da taswirar kuma na kai kaina masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiya mai tsawon kimanin mita 36, wanda ake lissafawa cikin mafi daɗewa a ƙasar. Juma'a kuma muka yi ta a masallacin Xianxian, inda akwai kabarin da mutanen wurin suke jingina wa Sahabi Sa'ad bin Abi Waƙƙas. Abin da muka karanta a wajen malamanmu shi ne a kusa da Madina ya rasu aka binne shi a Baƙi'a, kuma a kan haka nake. Amma sahun da na gani ranar, Basine da Balarabe da Bahaushe da mutumin Mali da na Pakistan kafaɗa da kafaɗa har harabar waje, shi kaɗai ya isa kuɗin jirgi.

Na ɗauki kwana ɗaya na je Shenjen ni kaɗai, in ga kasuwar kayan waya ta Huaqiangbei, a garin da hedikwatar masu Tecno da Infinix da Itel take. Daga tashar kudu ta Gwanzu kusan rabin awa ne a jirgi mai gudun tsiya. Manhajar hukumar jiragen ita ce 12306, amma na sayi nawa ta Trip.com, da ɗan ƙarin lada, saboda ta fi sauƙi ga baƙo. Babu tikitin takarda, fasfonka ne tikitinka, don haka sunan da lambar su zama daidai harafi da harafi.

A hanyar dawowa ne na gane inda gizo ke saƙa. Na wuni ina ɗaukar hoto, ina haska alluna, ina bin taswira. Ina fitowa daga tasha da daddare waya ta yi ƙyaf ta mutu. A lokaci ɗaya na rasa kuɗina, na rasa hanyata, na rasa bakina. Ga akwatunan hayar batirin caji a kowane lungu, amma ba sa buɗewa sai ka haska su da waya. Na tsaya ina dariyar kaina ni kaɗai kamar taɓaɓɓe. Katin otal da 'yan canjin aljihun gaba su suka mai da ni masauki. Washegari na sayi fawa-banki, ɗan Maraɗi kuma ya ce in duba mai tambarin CCC, domin tun ƙarshen Yunin 2025 ba a barin wanda ba shi da tambarin ya hau jiragen sama na cikin ƙasar.

Saura amsar tambayar zaure, yadda ake yin WhatsApp a can. Hanya biyu na gani. Ta farko VPN, wato manhajar da ke zagaye toshewar intanet, wadda 'yan Najeriya da yawa suka koya lokacin da aka rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Sai an sauke ta tun a gida, ba kowacce ke aiki ba, kuma dokar ƙasar ba ta amince da waɗanda ba su da lasisi ba, saboda haka ba zan ce wa kowa ya yi ba. Ta biyu ita na fi natsuwa da ita: layin waje. In kana amfani da datar layin da ba na ƙasar ba, ko naka na gida, wanda yake da tsada, ko layin nan marar kati da ake kira eSIM da ake saya a manhajoji irin su Airalo ko Trip.com, to intanet ɗinka ta wata ƙasa yake fita, komai sai ya buɗe. Wayar Yaya tana karɓar eSIM, tawa ba ta karɓa, don haka na zama ɗan jona, duk inda ya yi ina biye da shi kamar jela. Mai niyya ya duba wayarsa tun kafin ya biya kuɗi.

Ba Sin kaɗai ba ce mai irin wannan hali, ita dai ta fi tsanani. Mai zuwa Umara ya san shiga Rauda a Madina sai da izinin manhajar Nusuk, kuma na san dattawan da suka je suka dawo ba su shiga ba saboda ba wanda ya yi musu. Mai zuwa Dubai zai tarar saƙon WhatsApp yana tafiya amma kira ba ya shiga, sai ya koma irin su Botim. Kowace ƙasa da nata, kuma wanda ya dawo daga can watan jiya ya fi kowane dogon jeri sanin abin da ke aiki.

Abu ɗaya da na yi wanda ba na so a yi koyi da ni: na miƙa wa mutumin da ban taɓa gani ba wayata a buɗe, da fasfona, da katin banki. Allah ya sa ɗan halak ne, ko shayin da muka ce mu saya masa cewa ya yi mu ne baƙi. Amma da wani ne fa? Wanda bai shirya a gida ba dole ya miƙa wuya ga duk wanda ya samu.

Ƙorafina yana kan masu shirya tafiye-tafiye. Wanda ya yi mana biza da tikiti ya karɓi kuɗinsa cas, ya kira mu sau uku kan cikon kuɗi, amma bai taɓa cewa "Alhaji, kun buɗe layinku? Kun sa Alipay?" ba. Takarda ɗaya mai shafi guda da Hausa, a maƙala ta jikin tikiti, ta isa. Ina kuma roƙon Edita, in da hali, a riƙa ware ɗan gurbi lokacin Umarar azumi da lokacin bajekolin Afrilu da Oktoba, a tambayi waɗanda suka dawo kwanan nan me ya yi musu aiki, me ya ƙi, tunda abubuwan nan suna canzawa kusan duk shekara, kuma abin da na rubuta yau ma ba mamaki wani ya tsufa kafin baɗi.

Yaya zai koma a Afrilu, wannan karon da ɗansa. Jiya da daddare ya aiko yaron zuwa gidana da wayoyi biyu da fasfo biyu a leda, da saƙon cewa in sa musu "duk abubuwan nan", kuma wai kada in taɓa masa alƙibla, wannan shi zai duba da kansa.

Wassalam.

Naka mai karatu a kullum,
Wani malamin labarin ƙasa,
daga Fagge, Kano.